Kaushin haƙoran giya: littafin aikin shagonmu na Garwa

Litinin, 6 Janairu 2025

Da hantsi Alhaji mai injin matsar man gyaɗa na Pitowa ya iso da akwatin giyar da muka yi masa wata uku da suka wuce, a bayan a-kori-kura. Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Cewa ya yi, "Ɗana, inji yana aiki. Amma kukansa har maƙwabta sun fara magana, kuma kafin azahar ba ka iya ɗora hannu a kan akwatin." Muka buɗe. Man ciki ya koma ruwan toka, yana ƙyalƙyali da ƙurar ƙarfe.

Kawu ya ɗauki ƙaramar giyar, ya bi haƙorinta da farcen babban yatsa daga sama zuwa ƙasa, sau biyu. Ya ce, "Ba boris ba ne, ba rashin mai ba ne. Daga nan ta fita da kaushinta." Na ce wa Alhaji, "Ranka ya daɗe, a ba mu lokaci, za mu sake yanka biyun, ba za ka biya komai ba."

Daga yau zan riƙa rubuta duk abin da muka taɓa a injinmu na yanka giya da abin da ya biyo baya. Giyoyin biyu ne, masu miƙaƙƙen haƙori, modul 3 (ma'aunin girman haƙori ke nan), kusurwar matsi, wato karkatar gefen haƙori, digiri 20, faɗin fuska milimita 40. Ƙaramar haƙori 18, babbar 55. Ƙarfen C45 ne. Injinmu tsohon na Turai ne da aka cire wa giyoyin canji aka sa masa kwamfuta, ita ke haɗa juyin wuƙa da juyin teburin da ake ɗora giya: a babbar, wuƙa ta zagaya sau 55, tebur ya zagaya sau ɗaya. Wuƙar kuwa dunƙule ce mai zare kamar na kusar ɗauri, an tsaga ta gida 12, kaurinta milimita 80. A shago uwar wuƙa muke ce mata, kamar yadda sunanta yake da Faransanci. Dabarar ta daɗe, tun 1897 Hermann Pfauter ya yi rajistar inji irin wannan a Jamus. Abin da kwamfuta ta sauƙaƙa shi ne lissafi. Yankan kansa yana nan yadda Kawu ya san shi.

Asabar, 11 Janairu

Na aro na'urar auna kaushi daga wani abokina malamin makarantar fasaha, na kwana biyu. Allura ce siririya da take tafiya a kan ƙarfe ta ba da lamba da mikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Ra ake ce wa wannan lambar, wato matsakaicin kaushi. Abin da muke nema Ra 1.6 ne ko ƙasa da haka.

Awon farko a tsawon haƙori ya ba ni 1.9. Har na fara murna, Kawu ya miƙo mini giyar ya ce in sa farce. Farce yana tsalle kamar keke a kan hanyar da damina ta ci. Sai da na zauna da na'urar na gane: an saita matatarta a milimita 0.8, duk tudun da ya fi haka tsawo tana ɗaukarsa a matsayin lanƙwasa ta zubar. Tudunmu kuwa tsakanin ɗaya da ɗaya milimita 2.5 ne. Na mai da matatar 2.5, lamba ta hau 4.1. Da ban saurari Kawu ba, da na rubuta ƙarya a shafin farko.

Da madubin ƙara girma na ga ba ciwo ɗaya ke damun haƙorin ba, uku ne, kowanne da zanensa. Akwai kwari da tudu masu maimaita kansu a tsawon haƙori, kamar kunya a gona. Akwai layuka sirara jere ɗaya bisa ɗaya daga gindi zuwa kai, waɗanda suka mai da lanƙwasar haƙori gaɓa-gaɓa. Sai yagewa nan da can, kamar an ja ƙaya a kan fata. Na ɗauki hoton kowanne. Shawarar da muka yanke: abu ɗaya za a canza a kowane gwaji, a yanka, a duba, sannan a taɓa na gaba.

Laraba, 15 Janairu

Kafin mu taɓa kowace lamba a kwamfuta na ɗora agogon awo a kafaɗun uwar wuƙa biyu. Dama tana kaɗawa milimita 0.012, hagu 0.041. Ke nan wuƙar ba ta zauna daidai ba, tana rangaji. Idan haka ta faru, wasu daga cikin bakunanta suna cin fiye da rabonsu, wasu suna wucewa a banza, siffar haƙori ta ɓaci.

Muka kwance sandar. Tsakanin zoben tazara da fuskar wuƙa akwai ƙura ta haɗu da mai ta yi tauri, ga ɗan tabo a gefen zobe ɗaya inda ya taɓa faɗuwa. Hunturu ne, ƙurar nan babu inda ba ta shiga, ko ka rufe ƙofa da safe za ka iya rubuta sunanka a kan tebur. Muka wanke komai da kananzir, Kawu ya goge tabon da ɗan dutsen wasa mai laushi, muka ɗaure a hankali muna juya zoben har agogo ya kwanta. Dama 0.007, hagu 0.008, kuma tudun biyun a gefe ɗaya suke.

Doka ta farko a shago: ba a ɗora wuƙa sai an goge, an auna, an rubuta. Zobuna sun koma cikin gwangwani mai murfi.

Alhamis, 23 Janairu

Yau kunyoyin nan muka bi. Asalinsu takun wuƙa ne, wato nisan da take sauka duk lokacin da tebur ya zagaya sau ɗaya. Wuƙa mai da'ira ce, duk inda ta tsaya sai ta bar ɗan kwari, tsakanin kwari biyu kuma tudu. Lissafin zurfinsa ba wuya: taku sau taku, sau 0.342 saboda kusurwar digiri 20, a raba da kaurin wuƙa sau huɗu. Da takun 2.5 da muke yi, 6.25 sau 0.342 a raba da 320, mikiron 6.7 ke nan. Da takun 1.0, mikiron 1.1 kawai. Abin da ya kamata kowane mai wannan inji ya riƙe shi ne, in ka rage taku da rabi, tudu kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa.

To amma rage taku yana da kuɗinsa. Babbar giyar tana cin minti 10 a takun 2.5. In aka yanka zurfin 6.75 gaba ɗaya a takun 1.0, minti 25 ne, kuma wuƙa tana ta gogayya tana dakushewa. Sai muka raba aikin biyu, sara da shafa. Sara ya kai zurfin 6.25 a takun 2.5. Shafa ta ɗauke sauran 0.5 a takun 1.0, wanda a gefen haƙori bai wuce 0.17 ba. A sara wuƙa tana shiga ta inda ƙarfe ya fi kauri, a shafa muka juya hanya, tana farawa da siriri. Mun gwada shafar ta hanyoyin biyu a kan gutsuren gwaji, wannan ce ta fi ba mu santsi.

Kunyoyi sun kwanta, farce ba ya jin su. Yagewar tana nan daram, har ta fi fitowa fili yanzu da babu abin da ke ɓoye ta.

Asabar, 1 Fabrairu

Na dawo daga sallar la'asar na tarar da ƙaramin yaron shagonmu ya naɗe samfefa a kan ɗan katako yana goge haƙoran giyar gwaji ɗaya bayan ɗaya. Ya yi guda bakwai, suna sheƙi. Ya ce, "Yaya, dubi yadda suka yi kyau." Da zuciya ɗaya ya yi, don ya ga abin yana hana ni barci.

Ban yi masa faɗa ba. Muka shafa shuni a ƙaramar giya, muka haɗa ta da wannan a kan sanduna biyu da tazarar milimita 109.5, muka juya da hannu. Haƙoran da bai taɓa ba sun ɗauki shuni a tsakiya, faffaɗa, daga wannan gefe zuwa wancan. Bakwai ɗinsa kuwa ɗigo-ɗigo suka ɗauka, wani a kai, wani a gefe. Hannu ba ya iya riƙe lanƙwasar da ke sa haƙori ya mirgina a kan ɗan'uwansa. Ya cire kaushi, ya tafi da siffa, kuma nauyin da ya kamata faɗin milimita 40 ya ɗauka sai ya taru a wuri kamar ƙwayar gero. Na san shaguna da yawa a garin nan da haka suke miƙa aiki, mai kaya ya ga sheƙi ya biya. Ban yarda da shi ba, kuma ba zan yarda a yi a nan ba. Na bar masa giyar da shuninta ya ajiye a inda yake ajiye kayansa.

Laraba, 12 Fabrairu

Jiya hutun ranar matasa ne, gari ya tafi kallon fareti, ni da Kawu muka samu shago shiru muka zauna da yagewar.

Na tsayar da inji a tsakiyar shafa, na duba bakin wuƙa da madubi. A kan wasu bakunan akwai ɗan ƙarfe fari ya manne. Kawu ya leƙa ya ce, "Ƙanzo." Sunan ya zauna. Ƙarfe mai laushi, idan ana yankansa a hankali, matsi da zafi suna sa ɓurɓushinsa ya like a bakin wuƙa, ya yi ta taruwa har ya zama shi ne ke yankan. Can sai ya ɓalle, ya bi ta tsakanin wuƙa da haƙori ya yage fuskar, wani sabo ya fara taruwa. Shi ya sa yagewar ba ta da tsari, yau a nan, gobe a can.

Abu biyu ke kawo shi, kuma biyun muna da su. Na farko gudu. Muna juya wuƙa sau 140 a minti, mita 35 ke nan a minti a bakinta. Tsoron ƙona wuƙa ne ya sa muka daɗe a nan, don kowace ɗaya daga Duwala take zuwa, jirgin ƙasa ya kawo ta Ngaundere, mota ta ƙaraso da ita. Amma wuƙarmu tana da rufi mai tauri mai launin zinariya, an yi ta don ta jure fiye da haka, kuma shafa ba ta da nauyi. Na ɗaga gudun shafa zuwa 200, mita 50. Sara na bar shi yadda yake.

Na biyu ƙarfen. Kawu ya sa zarto a gutsuren sandar da muka yanko babbar giya, ya ce ta yi laushi kamar tuwon da bai ji wuta ba. An sayar mana da ita a matsayin C45, amma da alama an gasa ta an bar ta ta huce a hankali cikin tanda. Muka kai faifai biyu, wato ƙarfen da ake yanka giya a jikinsa, tandar wani maƙeri a Jambutu, aka kai su digiri 860, aka riƙe, aka fito da su suka huce a iska. Ƙwayar ƙarfen takan daidaita da haka, ya ɗan ƙara tauri, ɓurɓushi ya riƙa karyewa maimakon jan danƙo.

Na kusa karya dokar kaina a nan, don na so in canza biyun tare. Kawu ya hana. Muka yanka uku: gudu kaɗai, gashi kaɗai, sai biyun. Gudu kaɗai ya rage yagewa sosai amma bai kawar ba. Gashi kaɗai ya fi shi. Biyun tare, na zagaye haƙora 55 da madubi, tabo huɗu na samu, ƙanana.

Asabar, 22 Fabrairu

Tabo huɗun nan daga mai suke. Na tari man yanka a farin ƙyalle daga bakin bututu, ya bar baƙin gari. Famfo yana ɗebo ɓurɓushi daga tanki yana mayar da shi kan aiki. Muka kwashe tankin, laka ta kai rabin bokiti. Muka jera maganaɗisun tsofaffin lasifika shida a hanyar da mai ke komawa, muka sa rariya mai ƙananan ido, muka ƙara bututu na biyu yana wanke wuƙa ta inda take fitowa. Kowace yamma yaro zai share maganaɗisun.

Alhamis, 6 Maris

Azumi ya shigo da zafinsa. Da rana cikin shago ya wuce digiri 40, ga rufin kwano. Mun koma aiki bayan asham zuwa tsakar dare, sai kuma bayan asuba zuwa hantsi.

Wannan canjin ya tona wani abu. Ƙananan giyoyi biyu, saiti ɗaya, ɗaya an yanka da asuba, ɗaya da dare bayan inji ya yini cikin zafi ya kuma yi awa uku yana aiki. Awon haƙora uku, wanda a lissafi 22.90 ne kafin a cire ɗan sararin da ake bari tsakanin haƙoran giya biyu, ya bambanta da 0.03 tsakaninsu. Ƙarfe yana miƙewa kusan mikiron 11 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Jikin inji rabin mita, bambancin digiri 10, ka ga wuƙa ta matsa da 0.05 ba wanda ya taɓa ta. Ga shafar da duka-duka 0.17 take ci, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yanzu sai inji ya yi minti 30 yana juyi babu aiki, mai yana zagayawa, sannan mu auna bayan sara mu gyara zurfin shafa.

Daren jiya kuma wuta ta ɗauke ana tsakiyar shafar babbar giya. Bazara ce, ruwan Lagdo yana ja da baya, an fara rabon wuta unguwa-unguwa. Wuƙa da tebur suka rabu, ta ci haƙora uku ta gefe kafin ta tsaya. Faifan ya tafi, gashinsa da sararsa duka. Wuƙar ta tsira da ɗan ɓallewa a baki ɗaya. Daga yau ba a fara shafa sai a kan janareto.

Asabar, 15 Maris

Saboda asarar lokaci na ce bari in yanka ƙaramar giya da wata uwar wuƙa da muke da ita mai zare biyu, wadda ke gama aiki a rabin lokaci. Kuskure ne, kuma na rubuta shi don kada a sake.

Layukan nan na gindi zuwa kai suka dawo ɓaro-ɓaro. Wuƙa ba ta zana lanƙwasar haƙori a ja ɗaya, gaɓa-gaɓa take sassaƙa ta, kowane baki da tasa gaɓar. Zare biyu yana raba yawan gaɓoɓin biyu, zurfinsu ya ninka huɗu. A giya mai haƙori 18, daga mikiron 1 zuwa kusan 4. Babbar giya ba ta cika jin wannan ba, ƙarama ce ke shan wahala. Sannan 18 tana rabuwa da 2 babu saura, don haka zare ɗaya ne kullum ke yanka rami na 1, na 3, na 5, ɗayan kuma na 2, na 4, na 6. Ɗan bambancin da ke tsakanin zaren biyu sai ya zauna a jikin giya, haƙori ɗaya mai kauri, na kusa da shi siriri. Da na juya ta da hannu a kan abokiyarta, ana jin ɗingishin. Na koma mai zare ɗaya.

Alhamis, 20 Maris

Tsohuwar wuƙar da muka aika wasa ta dawo, kuma ba a yi mata adalci ba. Fuskar kowane baki ya kamata ta nufi tsakiyar wuƙa sak. Na ɗora ma'auni, an karkatar da ita, ga shuɗi-shuɗi a gefen bakuna inda dutse ya ƙona ƙarfen. Wuƙa irin wannan siffar haƙori za ta ɓata, bakin da ya ƙone kuma ba ya daɗewa. Na mayar musu da ita da takarda.

Mu ma da namu laifin. Mun bar ta ta ci har dakushewarta ta kai 0.6 a wuri ɗaya, sauran tsawonta kuwa sabo fil, don ba ma matsar da ita. Kwamfutar tana iya yi tun farko, ba mu saita ba. Yanzu bayan kowace giya wuƙa tana gusawa 0.8 a kan sandarta, wato tazarar zare 9.42 a raba gida 12, kuma da dakushewa ta kai 0.25 za a sauke ta.

Litinin, 7 Afrilu

An yi salla lafiya. Ranar Laraba muka yanka giyoyin Alhaji na gaske, da asuba, a kan janareto. Na sake aro na'urar. Babba: Ra 1.3 a tsawon haƙori, 1.5 daga gindi zuwa kai. Ƙarama: 1.4 da 1.7. Na auna da matatar 0.8 da ta 2.5, lambobin ba su yi nisa da juna ba. Shuni ya kwanta a tsakiya. Kawu ya sa farce, ya juya giyar, ya sake sawa, ya miƙo mini ya ce a wanke a haɗa.

Ranar Asabar muka kai Pitowa muka ɗora. Injin ya yi awa biyar yana matsar gyaɗa, na ɗora tafin hannu a kan akwatin na bar shi. Alhaji ya tsaya kusa da shi muna magana ba tare da ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, Allah ya yi albarka." Na roƙe shi ya zubar da man bayan awa 50 na aiki, ya ajiye mini kwalba ɗaya in duba.

Abin da ya rage: a ƙaramar giya, milimita 6 na ƙarshe ta sama akwai zane mai kama da igiyar ruwa, shi ya ɗaga lambar zuwa 1.7. Ina zargin sandar da ke riƙe aikin ce, ta yi siriri, tana karkarwa idan wuƙa ta kai nesa da tebur. Na zana wata mai kauri da gajarta, da kafaɗa da za ta tallafi giyar kusa da gindin haƙori. Ƙarfenta na nan, gobe za a ɗora shi a injin sassaƙa. Gwajin farko ranar Alhamis, saiti ɗaya da na Laraba, sandar kaɗai za a canza.